Zaurukan Gidan Rumfa

'Yan uwana mata, ran nan muna zaune a tsakar gida a nan Rimin Gado, ni da ƙanwar maigidana, muna kallon wani fim na sarauta. Sai ga wata mata ta faɗo fada a guje, ko sallama babu, ta zube gaban sarki tana kai ƙara. Na ce, "Kai, wannan kam ƙarya ce!" Yarinya ta ce, "Anti, ai fim ne." To, fim ne, amma wanda ya shirya shi ya manta da babban abu. Ya sayo alkyabba, ya ɗauko 'yan dogarai, bai tuna da zaure ba.

Ki duba gidanku. Mai tallan itace iyakarsa ƙofar gida. Abokin maigida ya shiga zaure. Ɗan uwa na jini shi ke wucewa har tsakar gida, turaka kuwa kin san masu shigarta. Ba sai an gaya wa mutum matsayinsa ba, inda aka tsayar da shi ya isa. To, haka Gidan Rumfa yake, sai dai nasa zaurukan sun fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulkin Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan. Ya fita daga cunkoson tsohon gari na gindin Dala, ya kewaye fili mai faɗi da katanga. Kin ga tun daga nan sarki ya yi nisa da talaka, ganinsa sai da iso. A zamaninsa ne kuma tarihi ya ce aka soma kulle. A da babbar mashigar tana arewa, wato Ƙofar Fatalwa. Ƙofar Kudu da muke gani ranar hawa, Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya gina ta, shi kuwa ya hau gado a 1855.

Tsakanin ƙofa da sarki akwai bayin sarki masu sarauta: Shamaki, Ɗan Rimi, Sallama. Sunan bayi ne, amma hakimi da rawaninsa da dawakinsa sai ya bi ta hannunsu. Wanda ya ɓata da su, ya yi ta zaman jira a soro har rana ta faɗi.

Inda na fi so ki natsu shi ne cikin gida. Can namiji baligi ba ya shiga, ko da waziri ne. Matan sarki ne da sa-ɗaka da kuyangi, kowace da sashenta da muƙaminta, Uwar Soro tana bisa kansu. Mai kallo daga waje sai ya ce ai waɗannan an rufe su, ba su san abin da duniya ke ciki ba. Ina! Wata Ba'amurkiya mai bincike, Heidi Nast, ta fitar da littafi a 2005 inda ta nuna cewa a zamanin da sa-ɗaka ne ke kula da hatsin harajin da ke shigowa fada daga ƙauyuka. Wadda ke riƙe da rumbu kuwa, ke da kanki kin san ba a raina ta.

Sannan ga jakadiya. Ita ce ke ratsa zaurukan nan duka, ta fita wajen maza ta dawo wajen mata, ta shiga inda sarki yake a lokacin da babu mai ganinsa. Magana ɗaya in ta kai da daɗi, an gyara wa mutum. In ta kai a karkace, shi ke nan. A finafinai sai a mai da ita tsohuwa mai guɗa da tsegumi kawai. Wallahi abin yana ba ni haushi.

Uwar sarki ma gidanta daban, Babban Ɗaki. Ranar Hawan Daushe, sarkin da kowa ke zuwa ya faɗi a gabansa, shi ne ke hawa doki ya je ya gaishe ta.

Kada ki ce duk wannan labarin da ne. A watan Mayu na 2024, da gwamnatin Kano ta mayar da Muhammadu Sanusi II, bai jira gari ya waye ba, cikin dare ya shiga Gidan Rumfa. Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan sarki na Nassarawa. Lauyoyi suna can kotu suna ta fafatawa, amma mu nan ƙauye, a bakin rijiya da wajen niƙa, tambaya ɗaya ake yi: "Wai wa ke cikin gidan?"