Agogon Hannu a Ƙasar Katsina: Daga Tsarabar Makka Zuwa Kadarar Attajirai

A 'yan shekarun nan an samu wani rukuni na masu hannu da shuni a Kano da Abuja da Katsina waɗanda ke zuba dukiya wajen sayen agogon hannu mai inji, irin su Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet, wasu ma ba sa tsayawa a ɗaya sai sun tara da yawa. Manomin Wurma, a ƙaramar hukumar Kurfi, in ya ji cewa agogo ɗaya ya fi kuɗin gonarsa da rumbunsa da shanun hudarsa gaba ɗaya, abin da zai fara cewa shi ne an kwaso wata sabuwar tabi'a daga Turawa. Tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Son mallakar kayan daraja da aka ƙera a ƙasa mai nisa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma agogo tun shigowarsa kayan girma ne kafin ya zama kayan aiki. Sabon abu a cikin lamarin yana wani wuri dabam. Kayan darajar dā, duk nisan inda suka fito, sai sun bi ta hannun mai sana'a na gida kafin su kai ga mai su, kuma suna ci gaba da ciyar da shi muddin ana amfani da su. Agogon alfarma na yau shi ne ya yanke wannan igiya.

Dole a fara da cewa garuruwa irin su Wurma da Kurfi da Dutsin-Ma ba su zauna cikin duhun lokaci suna jiran agogo ba. Yini a tsage yake tsaf: asuba, sassafe, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, har zuwa talatainin dare. Ladan yana auna inuwarsa da ƙafa ya san shigar azahar da la'asar, ya dubi gamzaki ya san alfijir ya kusa. Malaman hisabi suna bin taurari 28 na shekara su gaya wa manomi lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Kasuwa tana da ranarta, biki yana da watansa, bashi ana biya da kaka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a raba awa gida sittin. Wanda aka ce masa a haɗu bayan la'asar ya san abin da ake nufi, kuma ba a ce ya makara sai in rana ta yi ja. Saboda haka mutumin da ya fara ɗaura agogo a irin wannan gari bai saye shi don ya cike wani giɓi a rayuwarsa ba. Ya saye shi ne domin abin yana shaida cewa ya je nesa, ko yana hulɗa da waɗanda suka je.

Irin wannan shaida kuwa tana da kasuwarta tun kafin zuwan Nasara. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya lissafa kayan da ayarin Sahara ke kawowa: yadi daga Manchester, allurai daga Nuremberg, duwatsun wuya da takarda daga Italiya, da ruwan takobi daga Solingen ta ƙasar Jamus. Takobin ne ya fi bayyana yadda al'amarin yake tafiya. Ƙarfen kaɗai ake kawowa. Maƙeri na gida shi ke yi masa ƙota, baduku ya yi masa kube da hamila, sannan a sake sayar da shi har ƙasar Azbin. Haka alkyabba da ke zuwa daga arewacin Afirka ta hannun Larabawan Gadamas take samun maɗinki a nan. Doki ma, ko daga Barno ko Azbin aka kawo shi, sai an nemi mai sirdi da mai linzami da mai likkafa da ɗan barga da mai yankan ciyawa. Duk wanda ya kalli tawagar Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi, ko ta 'Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, ranar hawan salla, yana kallon aikin hannun gidaje da dama ne a jikin doki ɗaya. Alfarmar babba takan zama abincin talakawa masu sana'a, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa jama'a suka yarda da ita.

Za a iya cewa agogo bai shiga wannan sahu ba, domin mulkin mallaka ne ya kawo shi a matsayin larura. Akwai gaskiya a nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma jirgi ba ya jiran la'asar. A 1919 aka ɗora Nijeriya duka kan lokacin da yake awa ɗaya gaba da na Landan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta horar da malamai kan jadawalin darasi, ofisoshin En'e da kotu da asibiti suka koyi buɗewa da rufewa da ƙarfe kaza. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya je Ingila da Makka a 1921, kuma fadarsa ta zama ƙofar shigowar sababbin abubuwa irin su mota da wasan folo. To amma mutum nawa ne wannan larura ta shafa? Malamin makaranta, malamin haraji, akawu, direba, ma'aikacin reluwe. Su ma ba lallai sai da na hannu ba, domin a makarantar ƙauye wani guntun ƙarfe da aka rataye a bishiya ake bugawa, a ofis kuma agogon bango ɗaya ya ishi kowa. Daga baya rediyo ta zo tana faɗin lokaci kyauta: BBC Hausa daga 1957, gidan rediyon Kaduna daga 1962. Abin lura shi ne masu sayen agogo sun ninka masu buƙatarsa nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwar gyaɗa da auduga da bai taɓa shiga aji ba ya saya, mai unguwa ya saya, ango ya ara. Sun ga agogo a hannun masu albashi da masu iko, sai ya zama alamar shiga cikinsu.

Zamanin da agogo mai inji ya fi bunƙasa a karkarar Katsina shi ne daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata, manyan ayyuka irin na madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma suka kawo 'yan kwangila da leburori. Jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Alhaji yakan dawo da zamzam da dabino da darduma da haƙorin Makka, kuma da wuya a rasa agogo a cikin tsarabar, Seiko 5 ko Citizen ko Orient, in kuwa mai ƙarfi ne Rado. Agogon mata ya samu gurbi a akwatin lefe kusa da sarƙa da 'yan kunne. Muhimmin abu shi ne wannan ciniki ya haifar da sana'a. Agogo mai wani da mai otomatik inji ne na ƙananan haƙora da sifirin, ƙurar hunturu na shiga cikinsa, mai yana bushewa, gilashi yana fashewa. Sai ga mai gyaran agogo da ɗan akwatinsa na gilashi a bakin kasuwa da tasha, da madubi maƙale a ido ɗaya, yana kwancewa yana wankewa, yana cire kayan matacce ya tayar da mai sauran numfashi. Yakan ɗauki yaro ya koya masa, yakan bi kasuwannin mako. Kirarin nan na agogo sarkin aiki ya tabbata ne saboda akwai mai tayar da shi in ya kwanta. A wannan zamani agogo ya bi sawun takobi: ƙirar waje, rainon gida.

Abubuwa uku suka rusa wannan tsari. Na farko ya faro ne daga Japan a Disambar 1969, lokacin da kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko da ke aiki da ƙwayar dutse mai kaɗawa. Kafin a yi shekara ashirin irinsa ya yi arha ƙwarai, kuma ya fi mai inji daidaito: mai inji da aka ba shaidar inganci a Suwizalan an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a yini, alhali mai batir na talaka kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Na biyu shi ne karyewar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya sa agogon kirki da kayan gyaransa suka fi ƙarfin malamin makaranta. Na uku wayar salula ce, da ta shigo a 2001 da lokaci a fuskarta. Mai gyara ya koma canza batir da maɗauri, da yawa suka koma gyaran waya ko suka bar kasuwa. A Suwizalan ma guguwar agogon batir ta yi ɓarna: ma'aikatan masana'antar agogo sun faɗo daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Sai dai su sun samu mafita. Da suka ga ba za su ci gasar daidaito da arha ba, sai suka daina tallan agogo a matsayin ma'aunin lokaci, suka koma tallansa a matsayin gado da gwaninta da abin da ba kowa ke samu ba. Dabarar ta ci, har a 2023 ƙasar ta fitar da agogo na sama da faran biliyan 26.

Wannan sabon agogo shi ne wanda attajirinmu ke saya, kuma an tsara shi ne yadda ba zai faɗa hannun mai akwatin gilashi ba. Manyan kamfanonin sun taƙaita sayar da kayan gyara ga wanda ba wakilinsu ba, kuma agogon da wani ya buɗe ya sa masa baƙon kaya darajarsa takan faɗi. Saboda haka in ya tsaya, sai a kai shi Legas ko Dubai ko Janiba. Daga ranar da aka ƙera shi zuwa ranar da za a sake sayar da shi, babu baduku ko maƙeri ko mai gyara na ƙasar Katsina da zai ci ko sisi a kansa. Fata ma ta maɗaurinsa daga can take zuwa a ɗinke, duk da cewa ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana fitar da jar fatar akuya da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko.

Masu kare wannan sha'awa suna da hujja mai nauyi: naira tana narkewa, musamman tun da aka sake ta a Yunin 2023, agogon kirki kuwa kadara ce da ke riƙe da darajar dala. Sukan kawo misalin Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman da aka yi gwanjonsa kan dala miliyan 17.8 a New York a 2017, da Patek Philippe da ya kai faran miliyan 31 a Janiba a 2019. Amma waɗannan ɗaiɗaiku ne da tarihinsu ya sa musu farashi. Kasuwar agogon kwance ta kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ta yi ta gangarowa, waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara. Sannan kadara sai da mai saye. Wanda ke da bijimi yana iya kai shi kasuwar Charanchi ko Dutsin-Ma ya dawo da kuɗi ranar. Mai Patek ba shi da dillali ko ɗaya a faɗin yankin da zai iya bambance masa na ainihi da jabu, balle ya yi masa farashi. Ko da an yarda cewa yana tsare dukiyar mai shi, tambayar da ta rage ita ce wa yake amfana ban da shi. Shanu 30 ana fitar musu da zakka, haka tumaki 40, kuma kafin nan makiyayi ya ci, mai nono ta ci, gona ta samu taki. Agogon ƙarfe da aka saya don ɗaurawa, komai tsadarsa, kayan sawa ne, babu zakka a kansa. Na zinare kuwa malamai sun riga sun hana wa namiji.

Akwai kuma mai cewa kuɗinsa ne, in ya samu ta halal babu mai hana shi, kuma son abu mai kyau ba laifi ba ne. Haka ne, kuma injin da ke kaɗawa sau 28,800 a awa ba tare da batir ba, shekara da shekaru, ya cancanci a yi sha'awarsa. Abin da tarihin ke nunawa dai shi ne ƙasar Hausa ba ta taɓa auna alfarma da tsadarta kaɗai ba. Takan duba mutum nawa ke ci a ƙarƙashinta. A yankin da 'yan bindiga suka addaba shekaru da dama, daga Batsari da Safana zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, har mai ɗan abin hannu ya koyi ɓoye shi, wannan ma'auni ya ƙara nauyi. Wanda yake son agogo mai inji tsakani da Allah yana da hanyar mayar da shi cikin tsohon tsarin. Tsofaffin Seiko da Orient da Rado na alhazan shekarun 1970 suna nan kwance a akwatunan gidaje, kuma irinsu ba su da takunkumin kayan gyara kamar manyan. Tsofaffin masu gyara ma ba su ƙare ba a kasuwannin Katsina da Kano, sai dai sun rasa almajirai. Kuɗin agogon alfarma guda ɗaya zai iya saya wa irin waɗannan kayan aiki na zamani, ya kuma ɗauki nauyin samari da dama su koyi sana'ar kafin masu ita su tafi da ita. Mai tara agogon da ya yi haka ya shiga sahun masu doki da takobi na dā. Wanda bai yi ba, ciniki kawai ya kai wa Suwizalan.