Tumatir a Ƙarƙashin Fitila: Yadda Aka Yi Ƙoƙarin Maye Gurbin Rana



Mu da muka tashi muna ganin kwandunan tumatir daga Kadawa da Kura da Ɗanja, da wuya mu yarda cewa akwai inda ake sayen hasken da tumatir zai sha da kuɗi. Amma haka abin yake a ƙasashen da rana ke yin rowa a lokacin hunturu, kuma sun shafe shekara fiye da 140 suna wannan fafutuka.

Asalin tumatir daga yankin duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka. Mutanen Meziko suka mayar da shi abin shukawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Tsiro ne mai son rana, sai ga shi a ƙasashen da yinin hunturu ba ya kai awa takwas. Gidan gilashi ya magance sanyi, amma bai ƙara tsawon yini ba.

A 1880, William Siemens, injiniya haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya kunna wa tsirrai fitilar lantarki ta wancan zamani, mai ba da haske ta tartsatsin wuta tsakanin sandunan gawayi biyu. Ya lura cewa hasken kai-tsaye yana ƙona ganye, amma idan aka sa gilashi a tsakani sai tsiron ya yi kyau. Bayan shekara goma, Liberty Hyde Bailey na Jami'ar Cornell a Amurka ya yi irin gwajin, ya ga latas yana saurin isa girbi. Sai dai kuɗin wutar ya fi ƙarfin manomi.

Tumatir kuwa sai ya zo da gardama. Tunanin kowa shi ne, tunda haske ne abincin ganye, a bar fitila kunne dare da rana. A 1930, masana a Cibiyar Boyce Thompson da ke New York suka wallafa cewa tumatirin da ba ya ganin duhu ganyensa kan yi ɗorawa-ɗorawa, ya kumantar, wani lokaci ya mutu. Shi ya sa har yau manoma ke tsayawa a kan awa 16 zuwa 18 na haske, su bar masa sauran ya huta. Sai a 2014 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka gano wata ƙwayar gado a jikin tumatirin daji da ke sa tsiron ya jure haske na awa 24.

Abin da ya mayar da gwaji ya zama sana'a shi ne fitilar sodiyam, wadda ta fito a shekarun 1960, irin mai haske ruwan goro da muka sani a kan manyan tituna. Da ita manoman Holan suka riƙa fitar da tumatir a tsakiyar hunturu. A ƙasar Aisland ma, kusa da ƙarshen arewacin duniya, ana ɗumama gidajen gilashi da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa, ana haska su da lantarki. Akwai kuma wata matsala da rufin ya haifar: furen tumatir sai an girgiza shi yake ɗaukar 'ya'ya, ga shi babu iska a ɗaki. Ma'aikata sun daɗe suna bi fure-fure da sanda mai karkarwa, kafin a ƙarshen shekarun 1980 a fara kiwon wani nau'in zuma mai ƙiba a Beljiyam don ya yi aikin.

Daga nan sai fitilar LED. Nick Holonyak ya ƙirƙiro mai jan haske a 1962, masanan Japan uku suka samar da shuɗiya a farkon shekarun 1990, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ja da shuɗi su ne launukan da ganye ya fi sha, ga ƙarancin zafi da cin wuta. Da irin wannan fitila aka girbe tumatir a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2023. Tumatir ya taɓa ɓace wa ɗan sama-jannati Frank Rubio a can, aka yi ta yi masa tsiyar cewa shi ya cinye, sai daga baya aka tsinto shi.

Duk da haka lissafi bai daina cizo ba. A shekarar ce kamfanin AppHarvest, wanda ya gina gidan gilashi mai faɗin eka 60 a jihar Kentucky ta Amurka don noman tumatir, ya bayyana karyewarsa.

Mu nan Allah Ya hore mana abin da suke saye da tsada. Ciwonmu daban ne: ruɓewar kwanduna a kan hanyar Legas, tsada da damina, da tsutsar da ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016. Duk wanda ya zo mana da tallar fitilar noma, mu fara tambayarsa wa zai biya kuɗin wuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.