Garmaho da Rediyo a Ajin Waƙa

Sa'ad da aka buɗe makarantun mishan na fari a Ƙasar Hausa, malami ba shi da abin koyar da waƙa sai bakinsa da allo. Yakan rubuta do, re, mi da alli, bisa hanyar da John Curwen ya yaɗa a Ingila, yara su bi shi. Idan malam ya karkace, aji duka ya karkace. Waƙa ɗaya takan fita da murya dabam daga wannan gari zuwa wancan.

Garmaho ne ya fara gyara wannan. Emile Berliner ya ƙago shi a 1887, a 1939 kuma wata baiwar Allah, Joy Ridderhof, ta kafa Gospel Recordings a Los Angeles ta Amurka, domin aika fayafayan bishara cikin harsuna masu yawa. Akwatin ba ya bukatar lantarki, wani ake yi masa da hannu. Faifai yakan juya sau 78 cikin minti ɗaya, gefe guda kuwa ba ya wuce kamar minti uku, wato kusan tsawon waƙa ɗaya ke nan. Amma yana da nasa hali. Zafi yakan tanƙware faifai, allura takan dushe, in kuma wani ya yi sanyi sai murya ta sauka, ta riƙa jan ƙafa. Dattawanmu suna ba mu labari da dariya, yadda yara suka koyi wata waƙa tare da jan ƙafar nan, malam ya sha wahala kafin ya raba su da shi. Gama akwati yana rerawa, amma ba ya jin yaro.

Bayan haka rediyo ya zo. A Ingila BBC ta soma darasin makarantu tun 1924, da waƙa kuwa ta soma. A wajenmu tashar ELWA ta Laberiya ta buɗe a 1954, Muryar Bishara kuma a Adis Ababa a 1963. A Jos ake shirya shirinta na Hausa, a aika Habasha, ya komo ta iska. Abin mamaki, Hausawan Showak a bakin kogin Atbara, ƙasar Gadarif, sun fi mutanen Jos kusa da tashar nesa ba kusa ba.

A 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Cikin yini ɗaya muryar ta ɗauke. Waƙoƙin da suka rage su ne waɗanda malamai suka maimaita wa yara layi layi har suka zauna a baki.

Yau malamin firamare yana iya riƙe waƙa ɗari cikin waya. Mun ga ajin da ake kunna ta yara su yi shiru suna saurare har a buga ƙararrawa, ba wanda ya buɗe baki. Roƙonmu ga malamanmu shi ne, a kunna baiti ɗaya sau biyu, a kashe waya, sa'an nan a ta da yara benci benci su rera, malam yana tsaye kusa yana ji.