Ɗaukewar numfashi cikin barci: Yadda robar likitan haƙori ke buɗe maƙogwaro

Ba kowane minshari ne cuta ba. Wanda likitoci ke tsoro shi ne wanda ke tafiya ya katse, a ji shiru, sannan mai barcin ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka shaƙe. Abin da ke faruwa shi ne, idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki, tushen harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Idan toshewar ta kai daƙiƙa 10, likitoci kan ƙirga ta a matsayin ɗaukewar numfashi guda. Daga sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, cutar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 29 matsakaiciya. Daga 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani.

Mai cutar ba ya sanin abin da ke faruwa da shi, sai dai matarsa ta gaya masa. Shi abin da ya sani, yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, ga gyangyaɗi a shago ko a ofis tun kafin azahar. Cutar na da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma ta fi kama masu teɓa da masu kaurin wuya. Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke ɗauke da ita a duniya, Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. A wuri kamar Katabu da Mararraban Jos, inda direbobin tireloli da tankoki ke yada zango a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, gyangyaɗin direba ɗaya na iya cin rayukan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Ostireliya ya gabatar a 1981. Tana hura iska ta takunkumin hanci har gari ya waye. Sai dai tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki duk dare, abin da mazaunin Kaduna ba zai rantse a kansa ba, kuma da yawa kan gaji da takunkumin su jingine ta.

A nan robar baki ta shigo. Guda biyu ce a haɗe, ɗaya ta hau haƙoran sama, ɗaya ta hau na ƙasa, tana riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba da 'yan milimita. Da yake harshe a jikin muƙamuƙin yake, shi ma sai ya matso gaba, maƙogwaro ya samu fili. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1902 likitan Faransa Pierre Robin ya ƙera irinta domin yara masu ƙaramar haɓa. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na likitocin haƙori masu kula da barci a Amurka suka fitar da ƙa'ida cewa a bai wa baligin da ya kasa jure CPAP, ko ya fi son wata hanya, robar da aka auna da bakinsa kuma ake iya ƙara mata tazara.

Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin maganar. Likitan haƙori zai ɗauki zubin haƙoran mutum, a ƙera robar daidai da su, sannan a riƙa tura muƙamuƙin gaba kaɗan-kaɗan cikin makonni har numfashi ya daidaita. Waɗanda ake sayarwa a intanet, a jiƙa a ruwan zafi a ciza, ba su kai ta aiki ba, kuma sukan suɓuce cikin dare. Sun fi haɗari ta wata fuska: suna iya rage ƙarar minshari, iyali su samu barci, alhali numfashin na nan yana ɗaukewa. Shi ya sa ake gwajin barci kafin a sa robar, a kuma maimaita shi da ita a baki.

Ta fi amfanar masu sauƙi da matsakaiciyar cuta, musamman wanda abin ke tsananta masa idan ya kwanta rigingine. Ba ta kai CPAP rage yawan ɗaukewar numfashi ba, amma an fi jure kwana da ita, kuma tana shiga aljihun ɗan kasuwa mai tafiya Legas ko Umara.

Tana bukatar isassun haƙora masu ƙarfi da lafiyayyen dasashi. Mai giɓi da yawa ko mai ciwon gaɓar muƙamuƙi ba lallai ta dace da shi ba. A farkon amfani akan yi fama da dalalar miyau da tsamin muƙamuƙi da safe, waɗanda galibi kan lafa. Bayan shekaru kuwa tana iya sauya yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, don haka sai an riƙa komawa wurin likita.

Mazaunin arewacin Kaduna zai iya farawa da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke cikin birnin, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin a fara duba hanci da maƙogwaro, a auna jini, a faɗa masa inda za a yi gwajin barcin. Yana da kyau ya tafi da wanda yake jin minsharinsa, ko da murya da aka naɗa a waya.