Yadda Suwizalan Ta Gina Aikin Gargaɗi Kan Zaftarewar Dusar Ƙanƙara

Duk tsawon hunturu, sau biyu a rana ake fitar da wata sanarwa a Suwizalan, ƙarfe biyar na yamma da takwas na safe. Sanarwar tana raba tsaunukan ƙasar yanki-yanki, tana faɗin inda ake fargabar dusar ƙanƙara ta zaftaro daga gangaren dutse. Mai kula da titi yana duba ta kafin ya buɗe hanya, shugaban ƙauye yana duba ta kafin ya ce a kwashe mutane daga gidajensu. Ƙasar da ke shirin kafa irin wannan hukuma a yau takan fara da lissafin na'urori da kwamfutoci, amma tarihin Suwizalan ya nuna tushen aikin yana wani wuri dabam: mutanen da suka yi shekara da shekaru suna auna dusa a wuri ɗaya suna rubutawa, da yarjejeniya a kan ma'anar kalmomin gargaɗi, da sanin wanda alhakin yanke hukunci ke wuyansa.

Mazauna kwaruruka na tsaunukan Alps sun daɗe da sanin wannan bala'i. Tun 1397 mutanen Andermatt suka haramta sare kurmin da ke saman garinsu, don itatuwa suna riƙe dusa. A 1876 tarayya ta yi dokar gandun daji, kuma babban jami'in gandun dajinta, Johann Coaz, ya duƙufa wajen tattara labarin zaftarewa da gina katangu a gangare. Wannan duka kariya ce ta wuri, ba ta gaya wa kowa ko yau ce ranar haɗari ko jibi. Sanin ranar yana buƙatar sanin cikin dusar kanta. Hawa-hawa take taruwa, kowace sauka da irin ƙarfinta. Iska na kwashe ta daga wannan gefe ta jibge a wancan, tsananin sanyi kuma kan mayar da wani hawa na ciki garas-garas kamar sukari. Idan wannan hawa mai rauni ya karye, duk abin da ke kansa sai ya zame gaba ɗaya, galibi a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 ko fiye. Daga sama ba a ganin komai, sai an haƙa. Shi ya sa aka kafa kwamitin binciken dusa a 1931, masana suka hau Weissfluhjoch da ke saman garin Davos a 1936 suka fara awo, sannan a 1942 aka kafa cibiyar da aka sani da SLF.

Sojoji ne suka fara gudanar da gargaɗin, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin dakarunsu na jibge a kan tsaunuka. Da yaƙi ya ƙare a 1945 cibiyar ta karɓi aikin, tana dogara da masu sa ido ƙalilan da ke aiko mata rahoto daga ƙauyuka. Ba a daɗe ba aka ga iyakar wannan tsari. A hunturun 1950 zuwa 1951 dusa ta sauka ba ƙaƙƙautawa, zaftarewa ta afka wa Vals da Andermatt a watan Janairu, ta afka wa Airolo a Fabrairu. Mutum 98 suka rasu a Suwizalan, 135 a Ostiriya, akasarinsu a cikin gidajensu da garuruwansu. Bayan wannan ne aka yawaita masu sa ido, aka kakkafa shingayen ƙarfe a inda dusa ke ɓallewa, aka soma zana taswirar wuraren da bai kamata a yi gini ba.

Abin takaici, maƙwabta ma sai da aka yi musu rashi kafin su motsa. Jihar Bavariya ta Jamus ta kafa tata hukumar a 1967, bayan mutum 10 sun rasu a tsaunin Zugspitze a 1965. Faransa ta farga bayan mutum 39, yawancinsu matasa, sun halaka a wani masauki a Val d'Isère a Fabrairun 1970. Da kowa ya gina nasa shi kaɗai, sai wata matsala ta kunno kai: wata ƙasa na da matakan haɗari shida, wata bakwai, wata takwas, alhali tsauni ɗaya ne ya ratsa iyakokinsu. Mutum kan tsallaka iyaka da safe ya tarar lamba uku ta sauya ma'ana. Hukumomin sun fara zama tare a 1983, kuma sai da aka yi shekara goma kafin su amince, a 1993, da matakai biyar daga ƙaramin haɗari zuwa mafi girma. A ganina wannan yarjejeniya ta fi yawancin na'urori amfani, domin gargaɗin da mai karatu ya fahimta a baibai yana iya jefa shi cikin abin da ake tsoratar da shi.

Akwai masu cewa, idan aikin na da amfani, me ya sa har yanzu kimanin mutum 25 ke mutuwa duk shekara a Suwizalan, kusan kamar da? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta na cikin su wane ne ke mutuwa. A da mutanen gari ne da matafiya a kan hanya. Yanzu fiye da tara cikin goma masu wasan zamiya ne da masu hawa tsauni a wuraren da babu mai kula da su, kuma galibi nauyinsu ne ke tayar da zaftarewar. Yawan masu shiga tsaunuka ya ninka, mace-macen ba su ninka ba. Wasu kuma na cewa shingaye ne suka yi aikin, ba sanarwa ba. Fabrairun 1999 ya gwada wannan magana. Dusar da ta sauka ta yi daidai da ta 1951, ga jama'a da baƙi sun ƙaru ƙwarai, amma mutum 17 ne suka rasu a gidaje da hanyoyin Suwizalan. Shingaye sun taimaka, babu musu, sai dai babu ƙasar da za ta iya shinge kowane gangare. Rufe hanyoyi da kwashe mutane a kan lokaci ne suka cike giɓin, kuma ba a yin su sai da hasashe.

Wannan wata ɗin dai ya nuna inda hasashe ke tsayawa. Mutum 12 daga cikin 17 ɗin a Evolène suka rasu, kuma daga baya kotu ta sami shugaban garin da jami'in tsaronsa da laifin sakaci. A Galtür ta Ostiriya mutum 31 suka mutu a unguwar da ake ɗauka ba ta cikin haɗari. Sanarwar yanki tana magana ne a kan faɗin ƙasa mai yawa, ba ta san wane gangare ne zai ɓalle ba. Yanke shawara a kan kowane gangare aikin mutanen wurin ne, shi ya sa bayan 1999 aka ƙarfafa horar da jami'an garuruwa, aka buɗe musu hanyar samun bayanan cibiyar kai tsaye. Nan ne kuma amsar masu ganin na'ura ta wadatar. Tun 1996 Suwizalan ke kafa tasoshin awo masu sarrafa kansu a kan tsaunuka, duk da haka ba ta sallami masu sa ido ba. Na'ura na faɗin kaurin dusa da gudun iska, amma mutum ne ke haƙa rami ya taɓa hawa mai rauni, ya kuma ga zaftarewar da ta auku jiya a bayan dutse.

Norwe ta bi wannan sawu ba tare da ta sake ƙirƙiro komai ba. Ta ɗauki matakai biyar na Turai yadda suke, ta haɗa hukumar ruwa da makamashi da ta hasashen yanayi da ta hanyoyi a aiki ɗaya, ta horar da masu sa ido, ta yi gwaji kafin ta fito fili. A Janairun 2013 ta fara fitar da sanarwa ga jama'a a ƙarƙashin sunan Varsom, tare da manhajar da duk wanda ya hau tsauni zai iya aiko da rahoton abin da ya gani.