Wanda aka hana wa mafaka da kotun Turai: tarihin wata kariya (1951-2002)

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu nuna yadda mutumin da aka ƙi bai wa mafaka ya samu kafar kai ƙara kafin a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa.

Yarjejeniyar Janeba ta 1951, a ayarta ta 33, ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda za a tsananta masa. Amma ayar ta cire wanda ake gani barazana ne ga tsaron ƙasa. Wanda kuwa hukuma ta ƙi takardunsa, ba ta lissafa shi cikin masu wannan haƙƙi.

Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ke Istarasbur, ita ta rage wannan giɓi, ta hanyar aya ta 3 ta yarjejeniyar Turai ta 1950, wadda ta haramta azabtarwa da wulaƙanci. A shari'ar Soering (1989) ta ce ƙasar da ta miƙa mutum inda za a azabtar da shi tana da alhaki. A 1991, cikin shari'ar Cruz Varas da ta Vilvarajah, ta shimfiɗa ƙa'idar a kan masu neman mafaka da aka kora, ko da yake masu ƙarar ba su ci nasara ba. A shari'ar Chahal (1996) ta hana Ingila mayar da wani Basikhe Indiya, ta ce hujjar tsaron ƙasa ba ta rinjayar aya ta 3. Ke nan tambayar alƙali ta tashi daga «shin ɗan gudun hijira ne?» ta koma «me zai same shi can?».

Sauran batu shi ne yadda ake korar. A watan Satumba na 1998, Semira Adamu, ƴar Najeriya mai shekara 20, ta rasu bayan jandarmomin Beljika sun danne fuskarta da matashi cikin jirgin sama. Ministan cikin gida Louis Tobback ya yi murabus. A 2002, shari'ar Čonka ta samu Beljika da laifin korar jama'a a dunƙule, saboda ƴan ƙabilar Roma na Sulobakiya da aka kira ofishin ƴan sanda da yaudara a 1999, aka zuba su jirgi.

A ganinmu, ba a rubuta wannan kariya a zama guda ba: ƙararrakin mutanen da hukuma ta riga ta rufe takardunsu ne suka gina ta, har da waɗanda suka faɗi shari'a.