Yadda Kumburi Ya Fita Daga Bayanin Shanyewar Ɓarin Jiki, Ya Kuma Dawo

A shekarar 1820 likitocin Faransa biyu suka saɓa a kan abin da suke gani idan an buɗe kan mamacin da ɓarin jikinsa ya shanye: wani sashe na ƙwaƙwalwa ya yi laushi, ya narke. Lallemand ya ce kumburi ne ya cinye wurin. Rostan, wanda ke duba tsofaffin mata a asibitin Salpêtrière na birnin Paris, ya ce sau da yawa jijiyoyin jini ne suka ƙandare, naman ya rasa jini ya mutu. Zamanin kuwa na Broussais ne, mutumin da ya ɗora kusan kowace cuta a kan kumburi, har Faransa ta riƙa shigo da miliyoyin matsattsaku don tsotse jinin marasa lafiya. Sai Rudolf Virchow ya nuna a Jamus, tun daga 1846, cewa gudan jini kan taso daga wani wuri ya je ya toshe jijiya. Daga nan magana ta ƙare a kan toshewa. Binciken Peter Medawar na 1948 ya ƙara ƙarfafa zaton cewa garkuwar jiki ba ta cika leƙa ƙwaƙwalwa ba.

Virchow ya yi gaskiya, amma amsarsa ta tsaya ne ga ranar da ciwon ya auku. Thomas Willis ya lura tun 1672 cewa wasu masu wannan ciwo hankalinsu kan dushe daga baya, kuma ko a 1974 da Vladimir Hachinski ya danganta irin wannan mantuwa da toshewa bayan toshewa, lissafin bai wuce na yawan naman da ya mutu ba. Lissafin nan yana da giɓi. Nazarin Pendlebury da Rothwell na 2009 ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na kamuwa da cutar mantuwa bayan shanyewar farko, wani babban bincike a Amurka kuma ya nuna a 2015 cewa kaifin tunani na ci gaba da raguwa shekaru bayan ciwon. Toshewar da ta faru sau ɗaya ba ta isa ta bayyana ɓarnar da ke tafiya a hankali ba. Ta wannan ƙofa kumburi ya dawo. Ƙwayoyin maikurogiliya, waɗanda Río Hortega ya bayyana a 1919, su ne masu kwashe mataccen nama, kuma ba koyaushe suke lafawa ba idan aikin ya ƙare. A 2015 ɗakin binciken Marion Buckwalter a Jami'ar Stanford ya ga ƙwayoyin garkuwa nau'in B suna taruwa a ƙwaƙwalwar ɓeraye makonni bayan toshewa, mantuwa ta biyo baya, ɓerayen da ba su da waɗannan ƙwayoyi kuwa suka tsira.

Mai suka zai ce ɓera ba mutum ba ne, zai kuma tuna da maganin enlimomab, wanda aka yi don hana fararen ƙwayoyin jini shiga ƙwaƙwalwa, sakamakon gwajinsa ya fito a 2001, waɗanda aka yi wa allurarsa suka fi shan wahala. Sukar tana da nauyi. Sai dai an ba da maganin ne a kwanakin farko, an auna mutuwa da naƙasa cikin wata uku, alhali zargin da ake yi wa kumburi yanzu na watanni da shekaru ne. Suka mafi ƙarfi ita ce tsofaffi da dama sun riga sun fara cutar Alzheimer ko lalacewar ƙananan jijiyoyi ta dalilin hawan jini kafin su faɗi, don haka raba rabon kowanne yana da wuya. Lallemand ya ɗauki kumburi a matsayin tushen ciwon, masu binciken yau suna kallonsa a matsayin abin da toshewa ke tayarwa, shi ya sa har yanzu abin da likita ke da tabbaci a kansa shi ne sauke hawan jini da hana toshewa ta biyu.